WA YA HALATTA KARYA HAƘORIN MATAR AURE?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ba ya zalunci kuma ba ya son azzalumai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), wanda hannunsa mai albarka bai taɓa sauka a jikin mace da duka ba, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata ɓarna da ta yi kaka-gida a cikin gidajenmu, wadda muka daɗe muna kawar da kai daga gare ta, alhali kuwa muna iƙirarin cewa mun tashi ne domin gyara. Kowa a cikinmu ya san yadda abin yake gudana. Mace za ta iso gidan iyayenta bayan sallar isha'i, goye da jariri, ido a kumbure, leɓe a fashe. Uwa za ta dafa ruwan zafi ta gasa mata jiki. Kashegari dangin miji su zo biko da goro, uba ya kira ta zaure ya ce aure ibada ne, ita mace da haƙuri aka san ta, ta tashi ta koma ɗakinta. Babu wanda zai tambayi mijin da wace hujja ya yi wannan aika-aika, babu wanda zai ambaci alƙali, balle diyya. Bayan wata biyu ta sake dawowa, wannan karon da karaya. Wata kuwa ba ta dawowa da ƙafarta, sai dai a aiko a ce a zo jana'iza. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kada wani ya ce ƙari muke yi. Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 36 cikin 100 na matan Nijeriya da suka taɓa yin aure sun gamu da cutarwa daga mazajensu, ko ta duka, ko ta tilastawa a shimfiɗa, ko ta wulaƙanci da cin mutunci. Binciken ya kuma nuna cewa fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimakon kowa ba. To idan mimbarinmu yana iya ɗaukar huɗuba sukutum a kan bidi'o'in biki da na zaman makoki, don me zai yi gum a kan jinin da ake zubarwa a cikin ɗakin aure?

HUJJAR MASU DUKA

Da zarar an taɓo wannan magana, sai ka ji mutumin da bai iya kawo sharuɗɗan alwala ba ya zama malamin tafsiri, ya jawo aya ta 34 a cikin Suratun Nisa'i. Mu ba mu musun ayar, kuma ba ma jin kunyar ko harafi ɗaya na Littafin Allah. Abin da muke musu shi ne a yanko kalma guda daga cikinta a mayar da ita lasisin dabbanci. Ayar tana magana ne a kan matar da ta yi tawaye ga haƙƙin aure, ba wadda gishiri ya yi wa yawa a miya ba, ba kuma wadda ta tambayi kuɗin cefane ba. Sannan ta jero matakai, wa'azi da farko, ƙaurace wa shimfiɗa na biyu. Mataki na ukun da ake ta kururuwa da shi kuwa, malaman tafsiri sun ɗaure shi da igiyoyi masu yawa: kada ya taɓa fuska, kada ya bar tabo, kada ya fitar da jini, kada ya karya ƙashi. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya kwatanta shi da asuwaki da makamancinsa. Babban tabi'in nan na Makka, Aɗa'u ɗan Abi Rabah, ya tafi a kan cewa miji kada ya doke ta sam, iyakarsa ya nuna fushinsa, kuma Alƙali Ibnul Arabi, ɗaya daga cikin jiga-jigan Malikiyya, ya kawo wannan magana ya yaba fahimtar da ke cikinta. Malamanmu sun ƙara da cewa idan miji bai kyautata zaton abin zai gyara ba, to ko wannan ɗan kaɗan ɗin ma bai halatta gare shi ba.

Yanzu a gaya mana, ina asuwaki a cikin wayar wuta, da bel, da taɓarya, da ƙulli a ciki ga mace mai juna biyu?

Sannan wa ya fi sanin ma'anar ayar, mu ko wanda aka saukar masa da ita? Uwar Muminai A'isha (RA) ta ba da shaida, kamar yadda Imam Muslim ya ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Lokacin da Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawararsa a kan masu neman aurenta, ya kawar da ita daga Abu Jahmi saboda an san shi da dukan mata. Lokacin da mata suka yi ta zuwa gidajen iyalansa suna kai kukan mazajensu, ya bayyana wa jama'a cewa masu wannan hali ba su ne zaɓaɓɓun al'umma ba. A Hajjin Bankwana, a gaban dubban sahabbai, ya yi wasiyya da jin tsoron Allah a kan mata, ya tuna wa maza cewa amana ce suka karɓa. Kuma Suratul Mujadala ta buɗe ne da labarin mace, Khaulatu 'yar Sa'alaba, wadda ta kai ƙarar mijinta, Allah ya ji kukanta ya saukar da hukunci. Ashe kai ƙarar miji ba rashin kunya ba ne, ba kuma tonon asiri ba ne. Wanda yake da'awar bin Sunna a tsawon wando da gemu, ya bar ta a bakin ƙofar ɗakin matarsa, to ya sake duba da'awarsa.

ABIN DA LITTATTAFANMU SUKA TANADA

Abin takaicin shi ne, hukuncin wannan laifi yana nan a rubuce cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu tun kafin Bature ya san hanyar ƙasar Hausa. A cikin Mukhtasar, Shehu Khalil ya tabbatar da cewa idan miji ya ƙetare iyaka alƙali zai tsawatar masa, kuma idan ƙorafi ya yawaita babu shaida, za a zaunar da su a tsakanin mutanen kirki waɗanda za su sa ido. Ya tabbatar da cewa mace tana da haƙƙin a raba aurenta saboda cutarwa bayyananniya, ko da shaidu ba su ce abin ya maimaitu ba. Wato sau ɗaya ya isa. Shehu Dardir, a sharhinsa, ya fayyace cewa duka mai illatarwa bai halatta ba ko da miji ya tabbata matar ba za ta daina tawaye ba sai da shi, kuma idan ya aikata, tana da haƙƙin rabuwa da haƙƙin ƙisasi. Haka nan mazhabarmu ta sauƙaƙa wa mace hanyar kafa hujja, domin an san ba a gayyatar shaidu kafin a rufe ƙofa a yi duka: ana karɓar shaidar abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta da mata da masu hidima.

Game da raunuka kuwa, aya ta 45 a cikin Suratul Ma'ida ta kafa ƙa'idar ramuwa daidai da daidai, kuma igiyar aure ba ta goge wannan ƙa'ida ba. Inda aka koma ga diyya, haƙori ɗaya raƙuma biyar ne, ido ɗaya rabin diyya ne, cikin da aka zubar da duka yana da tasa diyyar, ushirin diyyar uwarsa. Wannan ita ce Shari'ar da muka yi ta cika filaye muna neman a dawo mana da ita. To a cikin kotunanmu, mazaje nawa aka sa suka biya kuɗin raƙuma biyar saboda haƙorin matansu?

Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman zamaninsa da suke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, suna ɗaukarsu kamar kayan aikin gida da ake mora har su lalace a jefar. Fiye da shekara 200 ke nan. Duk mai kiran kansa magajin wannan jihadi, ba shi da uzurin yin shiru.

SASHE NA 55

Yanzu mu juya ga dokar ƙasa. Dokar laifuffuka ta Final Kod, wadda Majalisar Jihar Arewa ta zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, an gina ta ne a kan dokar Sudan, ita kuma ta Sudan an gina ta a kan wadda Turawan Ingila suka rubuta wa Indiya a 1860. Sashe na 55 na wannan doka ya ce abin da miji ya yi wa matarsa da sunan ladabtarwa ba laifi ba ne, matuƙar al'adarsu ta yarda da haka, kuma matuƙar bai kai mummunan rauni ba. Mene ne mummunan rauni? Sashe na 241 ya lissafa: rasa ido ko ji ko magana, rasa gaɓa, ɓata fuska har abada, karaya ko gocewar ƙashi ko haƙori, da ciwon da zai sa rai cikin haɗari ko ya hana mutum harkokinsa har kwana 20.

Mai karatu ya tsaya ya auna. A ƙarƙashin wannan sashe, mutum zai iya lakaɗa wa matarsa dukan da zai kwantar da ita kwana 19, ya farfasa mata jiki, muddin ƙashi bai karye ba, ya fito ya ce doka ta ba shi kariya. Khalil bai faɗi haka ba. Dardir bai faɗi haka ba. Sashen ma da bakinsa al'ada ya jingina da ita, kuma mu tun farkon wannan kira yaƙinmu da al'adar da ta saɓa wa Shari'a ne. Abin da ya fi ciwo shi ne, lokacin da jihar Zamfara ta fara aiwatar da dokokin laifuffuka na Shari'a a shekarar 2000, jihohi goma sha ɗaya suka bi bayanta, an rubuta kundayen cikin gaggawa a kan tsarin Final Kod, har wasu daga cikinsu suka kwaso wannan rangwame suka sanya masa rawani. Muna kira da babbar murya: duk jihar da wannan sakin layi yake raye a kundinta, ta goge shi, ta maye gurbinsa da abin da fiƙihunmu ya faɗa.

DOKAR 2015 DA MATSAYINMU

A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a, wadda aka fi sani da VAPP. Ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce Naira 200,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya doki abokin aurensa, namiji ne ko mace. Wanda ya kori abokin aurensa daga gida da ƙarfi, ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba ko tarar Naira 300,000. Wanda ya gudu ya bar iyali babu ci babu sha, shekara 3 ko Naira 500,000. Wanda ya watsa wa wani ruwan batir ko makamancinsa, ɗaurin rai da rai. Ta kuma ba kotu ikon ba da umurnin kariya, wato a hana mai cutarwa kusantar wadda yake cutarwa. Dokar tarayyar a Abuja kaɗai take aiki, hukumar NAPTIP ce ke kula da ita, amma mafi yawan jihohi sun yi tasu a kan tsarinta, ciki har da Kaduna a 2018.

Mun ji masu cewa wannan doka makircin Turawa ce domin rusa gidan Musulmi. Amsarmu ita ce, a ɗauko ta sashe-sashe a ɗora a kan ma'aunin Shari'a, abin da ya saɓa a gyara shi, abin da ya dace a riƙe shi. Hana korar mace daga ɗakinta, ai aya ta farko a cikin Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana fitar da ita ko bayan an sake ta, matuƙar tana cikin idda. Hukunta wanda ya ƙi ciyarwa, ai babin nafaƙa ne. Ɗaure mai duka, ai ta'aziri ne, wanda Shari'a ta bar wa shugaba. Babban malamin Malikiyya na Tunisiya, Shehu Ɗahir Ibnu Ashur, wanda ya rasu a 1973, ya bayyana a tafsirinsa cewa idan hukuma ta ga maza ba sa tsayawa a kan iyaka, tana da ikon ta hana su dukan gaba ɗaya, ta kuma sanar da cewa wanda ya yi za a hukunta shi. Mu a kan wannan fatawa muke, domin halin da muke ciki ya wuce abin da ya siffanta.

Idan ma akwai aibin da za mu ga wannan doka da shi, to sassauci ne. Tarar Naira 200,000 a 2015 ta kai kimanin dala dubu, yau kuwa ba ta wuce kuɗin matsakaicin ragon layya ba. Mai hali zai zaro ta daga aljihu ya koma gida ya ɗora daga inda ya tsaya. Ina ragon layya, ina raƙuma biyar? Kuma tara aljihun gwamnati take shiga, diyya kuwa hannun wadda aka cuta.

Su kuma masu fakewa da wannan musiba suna jifan Musulunci, muna ce musu su yi adalci. Dukan mata annoba ce da ba ta bar wata ƙabila ko wani addini ba, ana fama da ita a Legas da Inugu, ana fama da ita a Ingila da Amurka. Haka kuma ba mu manta da cewa akwai mazan da matansu suka hallaka ba, kamar shari'ar nan ta Abuja da ta faro a 2017 aka yanke hukuncin kisa a 2020. Jinin miji da jinin mata duk haramun ne. Sai dai gidan da aka bar ƙaramar wuta tana ci a cikinsa shekara da shekaru, ba a san wanda gobarar za ta ci ba.

TARKON HUL'I

Akwai wani zalunci na biyu da yake jiran mace a bakin kotu. Za ta zo da tabo a jiki tana neman a raba ta da mai cutar da ita, maimakon a binciki cutarwar sai a ce ta fanshi kanta, ta mayar da sadaki, wani lokaci har da ƙari. Wato an doke ta, kuma ita za ta biya. Wadda ba ta da kuɗin sai ta koma ɗakin azaba. Wannan juya fiƙihu ne a kife. Hul'i na macen da ta ƙi zama ne alhali mijin bai cuce ta ba. Wadda aka cuta kuwa alƙali ne yake sakinta, ba ta biyan ko sisin kwabo. Khalil ma ya ce idan ta riga ta biya, daga baya aka tabbatar da cutarwar, to a mayar mata da dukiyarta. Aya ta 231 a cikin Suratul Baƙara ta hana riƙe mata domin a cutar da su, aya ta 19 a cikin Suratun Nisa'i ta hana ƙuntata musu domin a ƙwace abin da aka ba su. Alƙalin da ya san wannan ya take, ya tanadi amsar da zai bayar ranar da babu lauya.

A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito da batun rubuta kundin dokar iyali bisa mazhabar Malikiyya, aka yi ta ce-ce-ku-ce, da yawa suka yi suka tun ba su ga daftarin ba. Ko mutum yana tare da shi ko ba ya tare da shi, buƙatar rubutaccen kundi da zai ɗaure hannun alƙalai a kan ingantaccen hukunci tana nan daram.

INA ZA TA NUFA?

Hukunci kaɗai ba ya warkar da rauni. Ga 'yar'uwar da take cikin wannan hali muna cewa: tsira da ranki wajibi ne, fita daga gidan da ake neman illata ki ba yaji ba ne, ba kuma saɓon Allah ba ne. Ki fara da asibiti, a duba ki, ki karɓi takardar likita ki adana, domin ita ce shaidar da ba ta jin kunyar kowa. Ki sanar da waliyyinki da maƙwabta biyu masu amana. Kina iya kai kuka ga hukumar Hisba inda take, ko kotun Shari'a, ko ofishin 'yan sanda. Hukumar ba da lauya kyauta, wadda aka kafa a 1976, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa suna karɓar irin wannan ƙorafi. Akwai kuma cibiyoyin da aka buɗe domin waɗanda aka yi wa fyaɗe da sauran cin zarafi, kamar cibiyar Waraka a asibitin Murtala da ke Kano, da cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, da cibiyar Nana Khadija a Sakkwato.

Amma waɗannan ba su isa ba, kuma a birane suke. Saboda haka nauyin ya dawo kanmu. Na farko, kowane reshe ya kafa kwamitin sulhu bisa aya ta 35 a cikin Suratun Nisa'i, da wakili daga dangin miji da wakili daga dangin mata, a kuma sanya malamai mata a ciki, domin akwai abin da mace ba za ta iya faɗa wa namiji ba. Sharaɗin kwamitin shi ne, inda aka ga jini ko karaya ko barazanar kisa, ba a rufe maganar da goro, sai ta je gaban alƙali. Na biyu, a tanadi gidan amana a kowace ƙaramar hukuma, ƙarƙashin kulawar dattijai mata, inda wadda ba ta da wurin zuwa za ta fake ita da 'ya'yanta har a gama shari'a. Na uku, a ware kaso daga zakka da waƙafi domin kuɗin magani da na zirga-zirgar kotu da jarin sana'a, saboda yunwa ce take mayar da mafi yawansu hannun mai dukansu. Na huɗu, limamai su yi huɗuba a kan wannan, makarantun Islamiyya su karantar da samari haƙƙoƙin aure kafin a ɗaura musu shi. Na biyar, duk wanda aka tabbatar yana dukan iyalinsa a cikinmu, kada a ba shi mimbari ko muƙami har sai ya tuba ya biya haƙƙi, kuma idan aka zo bincike a kansa domin wani auren, a faɗi gaskiya kamar yadda aka faɗa wa Faɗimatu 'yar Ƙaisu.

Ku kuma iyaye, ku ji tsoron Allah. Waliccin da Allah ya ba ku bai ƙare ranar da aka shafa fatiha ba. Gudun a ce 'yarku bazawara ce bai kai girman a ce ku kuka mayar da ita inda aka kashe ta ba. Haƙuri ana yin sa ne a kan talauci da rashin lafiya da bambancin hali, amma umurtar wanda ake zalunta ya miƙa wuya alhali kuna da ikon kare shi, taimakon azzalumi ne.

Muna roƙon Allah ya shiryi mazajenmu da matanmu, ya sanya ƙauna da jinƙai a gidajenmu, ya ba alƙalanmu ƙarfin zuciyar tsayar da gaskiya, ya isar wa duk wadda aka zalunta ba ta da mai tsaya mata. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki daga gare mu ne, muna neman gafararsa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.